Tsakanin sauron Gaya da kyautar Nobel: yadda ƙwayar jiki ke sanin lokacin daina girma

Ranar Alhamis 19 ga watan Satumba na 2024, a garin Gaya ne hukumomin kiwon lafiya na Nijar suka ƙaddamar da allurar rigakafin masassarar cizon sauro ga ƙananan yara, karo na farko a ƙasar. Kwana 18 bayan haka, ranar Litinin 7 ga Oktoba, aka sanar daga birnin Sitokholm na ƙasar Suwidin cewa Amurkawa biyu, Victor Ambros da Gary Ruvkun, su ne suka ci kyautar Nobel ta fannin likitanci, saboda wani ɗan mitsitsin abu da suka gano a jikin tsutsa. Labari na farko ya shiga gidaje. Na biyu kuwa ya wuce kamar ba da mu ake ba. Alhali akwai zaren da ya haɗa su, kuma zaren ya bi ta jikin yaran da ke kwana cikin sauro a bakin kogin Isa.

Tambayar da ke ƙarƙashin labaran biyu ita ce: me ke sa ƙwayoyin jikin mutum su riƙa girma suna rabuwa idan akwai buƙata, su kuma tsaya idan buƙatar ta ƙare? Idan ganyen rake ya yanki manomi a fadama, cikin ƴan kwanaki wurin ya cike, fata ta haɗe, girman ya tsaya cak. Ba wanda ya ce masa ya tsaya. Ranar da wannan tsayawar ta gagara, abin da ake samu shi ne kansa, wadda muka fi sani da sankara ko ciwon daji. Kuma akwai wata irin kansa ta yara wadda ta fi yawa a wuraren da masassarar sauro ta yi katutu.

Littafi, wasiƙa da aiki

Jikin mutum tarin ƙwayoyi ne ƙanana waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai cibiya, a cikin cibiyar kuma akwai littafin gado da mutum ya samo daga uwa da uba. Waɗanda suka yi lakwal a Nijar sun san shi da suna ADN, maƙwabtanmu na Kamba da Birnin Kebbi kuma suna cewa DNA. An raba littafin zuwa kundi 46 da ake kira kuromozom, kuma a cikinsu akwai babi kimanin 20,000 waɗanda kowane ke ɗauke da umarnin haɗa wani furotin. Furotin su ne ma'aikatan jiki: su ke ɗaukar iska a jini, su ke narkar da abinci, su ke kai saƙo.

Littafin ba ya barin cibiya. Idan ƙwaya na buƙatar wani furotin, sai ta kwafo babin da ya dace a kan wani zare mai kama da ADN, wanda ake kira ARN ɗan aike. Mu kira shi wasiƙa. Wasiƙar ce ke fita daga cibiya ta isa wurin injinan haɗa furotin, wato ribozom, su karanta ta, su haɗa abin da ta ce. Shekaru da dama hankalin masu bincike ya fi karkata ga matakin farko, wato wane babi aka buɗe aka kwafa, wane aka bari a rufe. An ɗauka da zarar an rubuta wasiƙa, magana ta ƙare.

Mutumin Gaya ya san ba haka al'amura ke tafiya ba. Loda kaya a tashar jiragen ruwa ta Kwatano daban, isar kayan kasuwa daban. Tsakanin nan da can akwai duwan, akwai duba takardu, akwai kayan da ke lalacewa a cikin kamiyo kafin a ba su hanya. Tun daga ƙarshen watan Yuli na 2023 da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville, kowa ya ga yadda kaya kan baro inda aka loda su amma ba su kai inda aka nufa ba. Haka wasiƙar ƙwaya take. Bayan an kwafe ta, sai ta wuce shingaye da dama, kuma a waɗannan shingayen ne ake yanke hukuncin yawan furotin da za a samu, da lokacin da za a same shi.

Shingaye huɗu bayan kwafi

Shinge na farko yana cikin cibiya. Ɗanyar wasiƙa kan fito da guntaye waɗanda ba a buƙata, sai a yanke su a ɗinke sauran. Yadda aka yi yankan na iya sauya ma'anar saƙon gaba ɗaya. Akwai babin da ake kira BCL-X: idan aka ɗinke wasiƙarsa doguwa, furotin ɗin da za ta bayar yana hana ƙwaya mutuwa, idan aka ɗinke ta gajera, sai ya tura ƙwayar ga mutuwa. Babi ɗaya ne, umarni biyu masu karo da juna.

Shinge na biyu shi ne tsawon ran wasiƙa. Kowace na da wata jela da ke gajercewa sannu a hankali, idan ta ƙare sai a wargaza wasiƙar. Wasu na daɗewa. Wasiƙar furotin ɗin da ke sa jini ya yi ja takan yi sa'o'i masu yawa ana karanta ta. Wasu kuwa tun daga rubutu an sa musu alamar a hallaka su da wuri, kuma yawancin wasiƙun da ke cewa ƙwaya ta girma suna cikin wannan rukuni.

Shinge na uku su ne ƙananan ARN, waɗanda masana ke kira mikro-ARN. Tsawon kowane bai wuce harafi 22 ko kusa da haka ba, kuma ba ya haɗa furotin ko ɗaya. Aikinsa shi ne ya nemi wasiƙar da haruffanta suka yi daidai da nasa, ya manne mata a wajen ƙarshe, ya hana a karanta ta ko ya sa a wargaza ta da sauri.

Shinge na huɗu yana bakin ribozom. Wasiƙa na iya isa lafiya amma a ƙi fara karanta ta, domin akwai wani furotin mai buɗe karatu da ake ɗaurewa ko a saki gwargwadon halin da ƙwaya ke ciki.

Abin da aka gano a jikin tsutsa

Shinge na uku ne ya jawo kyautar Nobel ta 2024. Ambros da Ruvkun sun yi aiki a kan wata tsutsa mai suna C. elegans, wadda tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba. Abin da ya dame su shi ne wasu tsutsotsin da girmansu ke rikicewa, suna maimaita matakin ƙuruciya maimakon su balaga. A 1993, Ambros tare da Rosalind Lee da Rhonda Feinbaum suka nuna cewa babin da ke da laifi, mai suna lin-4, ba furotin yake bayarwa ba, ɗan guntun ARN ne kawai. A daidai lokacin Ruvkun ya nuna cewa wani babi mai suna lin-14 ana kwafe wasiƙarsa lafiya lau, amma daga baya ake toshe ta. Da suka gwada haruffan biyu, sai suka tarar guntun lin-4 ya dace da ƙarshen wasiƙar lin-14.

Ba a ba binciken muhimmanci ba a lokacin, an ɗauke shi a matsayin abin da ya shafi tsutsa kaɗai. Sai a shekarar 2000 da ɗakin binciken Ruvkun ya gano na biyu, mai suna let-7, aka kuma tarar da shi a jikin ƙuda, da kifi, da ɗan Adam. Yau an san cewa mutum na da irin waɗannan ƙananan ARN fiye da dubu, kuma ana ƙiyasin cewa fiye da rabin wasiƙun da ke haɗa furotin a jikinmu suna ƙarƙashin kulawarsu.

Alaƙarsu da kansa ba ta jima ba ta fito fili. A 2002, tawagar Carlo Croce a Amurka ta gano cewa biyu daga cikinsu, miR-15 da miR-16, sun ɓace ko sun ragu a yawancin masu fama da wata kansar jini ta manya. A 2005 kuma tawagar Frank Slack ta jami'ar Yale ta nuna cewa let-7 yana danne wasiƙar RAS, ɗaya daga cikin furotin ɗin da aka fi samun hannunsu a kansar ɗan Adam.

Sarƙar saƙon girma

Domin a gane muhimmancin wannan, sai mu koma ga raunin manomin nan. Da zarar fata ta yanke, ƙwayoyin da ke wurin kan saki wasu furotin masu shelar girma. Waɗannan kan sauka a kan wasu maƙallai da ke bayan ƙwayoyin maƙwabta. Maƙallin sai ya taɓa wani furotin a ciki, wancan ya taɓa na gaba, har saƙon ya kai inda ake so, kamar yadda umarnin sarki ke bi ta hakimi da mai gari da mai unguwa kafin ya kai ƙofar gida. Wannan jerin ne masana ke kira hanyar saƙon girma.

Hanyoyi biyu suka fi shafar maganarmu. Ta farko ta bi ta RAS ta ƙare a cibiya, inda take buɗe babin MYC. Furotin MYC tamkar shugaban ma'aikata yake: idan ya bayyana, sai ya buɗe ɗaruruwan babi da ake buƙata domin ƙwaya ta ci, ta kumbura, ta rabu biyu. Saboda haɗarinsa, jiki bai yarda ya daɗe ba. A cikin ƙasa da rabin sa'a rabin wasiƙun MYC sun wargaje, shi kansa furotin ɗin ma haka. Don haka idan shelar girma ta yi shiru, cikin ƙanƙanin lokaci MYC ya ɓace, ƙwaya ta lafa. Ga sirrin tsayawar rauni ke nan. Da a ce wasiƙar girma na daɗewa kamar ta jan jini, da umarnin zai ci gaba da aiki bayan an janye shi.

Hanya ta biyu ta ƙare ne a wani furotin mai suna mTOR, wanda shi ke riƙe da mabuɗin shinge na huɗu. Shi ke auna ko akwai abinci da ƙarfi a cikin ƙwaya. Idan akwai, kuma shelar girma ta iso, sai ya saki furotin mai buɗe karatu, ribozom su dukufa aiki. Idan babu, sai ya rage aikin, girma ya dakata. An gano shi ne ta dalilin wani magani mai suna rafamisin, wanda aka samo daga ƙasar da wasu masu bincike na Kanada suka ɗebo a tsibirin Rapa Nui a tsakiyar shekarun 1960. A 1991 tawagar Michael Hall a birnin Basel na Suwis ta gano babin da maganin ke yi wa aiki a jikin yis, a 1994 kuma aka gano takwaransa a jikin dabbobi masu shayarwa. Wannan hanya na da birki, wani furotin mai suna PTEN, wanda aikinsa shi ne kashe saƙon kafin ya kai ga mTOR.

Ƙananan ARN suna zaune a gefen waɗannan hanyoyi biyu. Wasu, kamar let-7, suna danne masu ingiza girma. Wasu kuma suna danne birkin ne. Lafiyar ƙwaya ta dogara ga daidaiton da ke tsakaninsu.

Cutar da ke bin damina

A 1958 wani likitan tiyata ɗan ƙasar Ailan, Denis Burkitt, da ke aiki a asibitin Mulago na Kampala a Yuganda, ya wallafa bayanin wasu yara da ya gani masu kumburin muƙamuƙi mai saurin girma. A 1961 shi da abokan aikinsa biyu suka yi tafiyar kimanin kilomita 16,000 cikin mota, suna zaga asibitocin gabashi da kudancin Afirka domin su gane iyakar cutar. Suka tarar tana bin yanayi: tana inda ake da ɗumi kuma ruwan sama ya haura milimita 500 a shekara, ba ta kuma cika hawa tsaunuka masu sanyi ba. Taswirarta ta yi daidai da ta masassarar sauro mai tsanani. Gaya, wadda ke samun kusan milimita 800 a shekara, tana cikin wuraren da suka fi kowane samun ruwa a Nijar, kuma wannan ne ya sa sauro ya yi mata yawa.

Afirka ta Yamma na da babban kaso a tarihin wannan bincike. A 1963 a Ibadan aka raya ƙwayoyin kansar wani yaro ɗan Najeriya mai shekara 11 a cikin kwalba, kuma zuriyar waɗannan ƙwayoyi, da ake kira Raji, har yau ana aiki da su a ɗakunan bincike na duniya. A Ibadan ɗin ne likitan tiyata ɗan Kamaru, Victor Anomah Ngu, ya kasance cikin na farko da suka nuna cewa magani na narkar da wannan kumburi, abin da ya sa ya shiga cikin waɗanda aka ba kyautar Lasker a 1972. A 1964 kuma, Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wani birus a cikin ƙwayoyin kansar da Burkitt ya aika musu Landan. Shi ne birus ɗin Epstein-Barr, na farko da aka danganta da kansar ɗan Adam.

Kansar Burkitt na kama fararen ƙwayoyin jini ne da ake kira ƙwayoyin B, masu ƙera makaman garkuwar jiki. Ta fi kama yara ƴan shekara 4 zuwa 7, maza sun ninka mata. Tana cikin kansar da ta fi kowace sauri, domin kumburin na iya ninka kansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

Inda shingaye suka karye

Abubuwa uku ne ke haɗuwa. Na farko masassarar sauro. Duk lokacin da ƙwayar B ta tashi yaƙi da cuta, takan yi wa babin makamanta gyaran fuska domin makamin ya fi dacewa da abokin gaba. Furotin da ke yin wannan gyara ana kiran sa AID, kuma aikinsa ya haɗa da tsinka zaren ADN, abin da ke da haɗari. Yaron da masassara ke kamawa sau da dama kowace damina, ƙwayoyin B ɗinsa ba su samun hutu, AID na ta aiki, damar kuskure na ƙaruwa. Kuskuren da ake tsoro shi ne guntun kundi na 8, mai ɗauke da babin MYC, ya tsinke ya manne a kundi na 14, kusa da babin makaman garkuwa. A kashi 80 cikin 100 na masu wannan kansa haka ake tararwa, sauran kuma a kundi na 2 ko na 22 yake mannewa. Wurin da ya koma wuri ne da ƙwayar B ke kwafa dare da rana, don haka wasiƙun MYC sai su yi ta kwarara ba tare da wata shelar girma ba. Gajeren ransu ba ya da amfani kuma, tunda kafin a wargaza ɗaya an rubuta wasu.

Jiki na da mai gadi a wannan wuri, wani ƙaramin ARN mai suna miR-155 wanda ke danne wasiƙar AID. A 2008 tawagar Michel Nussenzweig ta jami'ar Rockefeller a New York ta ɓata ɗan wurin da miR-155 ke mannewa a wasiƙar AID a jikin ɓeraye. Ba su taɓa komai ba sai wannan. AID ya ninka sau biyu zuwa uku, mannewar MYC a inda bai dace ba kuma ta ninka sau da dama. An kuma lura cewa ƙwayoyin kansar Burkitt ba su cika samun miR-155 mai yawa ba. A 2012 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon a Faransa ta sa masassarar sauro mai tsanani, a wuraren da ta zama ruwan dare, cikin jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa kansa.

Na biyu birus ɗin Epstein-Barr. Fiye da mutum 9 cikin 10 na manyan duniya suna ɗauke da shi ba tare da wata illa ba, a Afirka kuma tun ana jarirai ake ɗaukarsa ta yawu. Ƙwayar da MYC ya yi mata yawa bisa ƙa'ida kashe kanta take yi, wannan wata kariya ce da jiki ke da ita. Birus ɗin na taimaka mata ta kuɓuce wa wannan hukunci. A 2004 aka gano cewa shi ma yana ƙera nasa ƙananan ARN, shi ne birus na farko da aka samu da wannan dabara. Yana da fiye da 40, kuma wasunsu suna toshe wasiƙun furotin ɗin da ke umartar ƙwaya ta mutu. Kusan dukkan kansar Burkitt ta yaran Afirka ana tarar da shi a cikinta.

Na uku shi ne MYC da kansa, wanda idan ya samu wuri sai ya sauya masu gadi. Yana rage let-7 da wasu ƙananan ARN masu danne girma. Yana kuma ƙara wani gungu mai suna miR-17-92, wanda a 2005 aka nuna yana hanzarta kansar ƙwayoyin B a jikin ɓeraye. Ɗaya daga cikin gungun, miR-19, yana toshe wasiƙar PTEN. Birki ya tafi, hanyar mTOR ta buɗe, ribozom suna ta aiki. Wato laifin farko a littafi ya auku, amma abin da ya mai da shi kumburin da ke ninkawa cikin kwana biyu shi ne rushewar shingayen da ke bayan kwafi.

Ya kamata a faɗa ƙarara cewa cutar ba ta da yawa idan aka kwatanta da yawan yaran da ke yin masassara. Mafi yawansu ba za su taɓa samun ta ba, domin sai duk waɗannan kurakurai sun haɗu a ƙwaya ɗaya.

Abin da ilimin ya ba mu, da abin da bai ba mu ba tukuna

Har yanzu babu maganin kansa da aka amince da shi wanda ke aiki kai tsaye da ƙananan ARN. Gwajin farko da aka yi a jikin mutane da wani mai suna MRX34 an dakatar da shi a 2016, bayan garkuwar jikin wasu marasa lafiya ta yi mummunan bore har aka rasa rayuka. A wasu cututtuka an ci nasara: a 2018 Amurka ta amince da patisiran, maganin farko da ke toshe wasiƙa da guntun ARN, domin wata cutar gado da ke lalata jijiyoyi. Magungunan da aka samo daga rafamisin kuma ana amfani da su a kansar ƙoda da ta nono, amma ba su ne maganin Burkitt ba.

Abin da ke warkar da Burkitt tsofaffin magunguna ne da ake ƙarawa ta jijiya, waɗanda a asibiti ake kira shimiyo, irin su siklofosfamid da metotireksat da binkiristin. Waɗannan magunguna ƙwayar da ke rabuwa suke kashewa, kuma tunda kusan dukkan ƙwayoyin wannan kansa cikin rabuwa suke, saurin da ke sa ta zama abin tsoro shi ne rauninta. A ƙasashe masu arziki kusan yara 9 cikin 10 na warkewa. A Afirka adadin ya yi ƙasa da haka sosai, kuma dalilan sanannu ne: zuwa asibiti a makare, rashin abinci mai gina jiki, ƙarancin jini da magungunan kariya, da yanke magani a tsakiya saboda kuɗi ko nisa. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙaddamar a 2018 yana son kafin 2030 aƙalla yara 60 cikin 100 masu kansa su riƙa rayuwa, kuma Burkitt na cikin cututtuka shida da aka sa a gaba.

A Nijar, cibiyar ƙasa ta yaƙi da kansa, CNLC, tana Yamai, kimanin kilomita 300 daga Gaya. Ga iyalin da ke Tanda ko Bengu ko Tunuga, wannan na nufin zuwa likitar ƙauye, daga nan asibitin Gaya, wataƙila Dosso, sannan Yamai, da kuɗin mota, da wanda zai yi jinya, da gonar da za a bari. Kowane mataki kwanaki yake ci, kumburin kuma ba ya jira.

Abin da ya rage ga iyaye

Alamomin da ya kamata su tayar da hankali ba su da wuyar ganewa. Kumburin muƙamuƙi ko na gefen ido mai ƙaruwa daga kwana zuwa kwana, sau da yawa ba tare da zafi ba. Haƙoran yaro su fara girgiɗa ko su karkace ba lokacin famfara ba. Ciki ya kumbura ya yi tauri. Ko ƙafafu su mutu farat ɗaya, yaro ya kasa riƙe fitsari. Ana yawan ɗaukar na farko a matsayin hangum ko ciwon haƙori, amma hangum cikin mako ɗaya ko kwana goma yake sauka. Kumburin da ya wuce haka yana ƙaruwa, na likita ne. Tsagar wanzami ba ta rage shi, sai dai ta buɗe ƙofar wata cuta. Maganar da ake yi cewa daji ba ya son allura kuwa, a kan wannan cuta ta saɓa wa abin da aka gani tun zamanin Ngu a Ibadan: allurar ce ke narkar da shi, wani lokaci a cikin ƴan kwanaki, kuma wajibi ne a kai maganin ƙarshe ko da kumburin ya ɓace.

Sai kuma rigakafi. Allurar RTS,S da aka fara a Gaya ba don kansa aka yi ta ba, kuma ba a tabbatar tana hana Burkitt ba. An yi ta ne don rage masassara, kuma a Ghana da Kenya da Malawi, inda aka fara ba da ita tun 2019, mutuwar yaran da suka isa karɓarta ta ragu da kashi 13 cikin 100. Sai an cika allura huɗu, kuma ba ta maye gurbin sange ko maganin kariya da ake raba wa yara wata-wata lokacin damina. Amma wani nazari da aka wallafa a 2024 ya nuna cewa kansar Burkitt ta ragu a ƙasashen Afirka bayan yaɗuwar gidan sauro mai magani. Abin da aka gano a jikin tsutsa da ɓeraye ya bayyana dalilin da zai sa haka ta kasance: duk masassarar da yaro ya tsallake, wani zagaye ne da AID bai tsinka zaren ADN ɗinsa ba. Uwar da ta ɗaura sange a Gaya da magariba, ta kuma kai ɗanta allura ta huɗu, tana rage wa masu gadin da ke cikin ƙwayoyin jininsa aiki ne.